Yadda ake gudanar da taron kwamiti a tashi da shawara a hannu

Wannan bayani domin wanda aka ɗora wa shugabanci ko sakatarancin wani kwamiti karon farko aka yi shi, ko na ci gaban unguwa ne, ko na masallaci, ko na iyaye da malamai, ko na 'yan kasuwa, ko ƙaramin kwamiti a ofis. Ciwon nasu duk iri ɗaya ne. A kira taro ƙarfe huɗu, a fara biyar da kwata, a yi ta magana har ladan ya kira magariba, a watse a kan "sai mun sake zama". Wata ya zagayo a dawo kan maganar kamar ba a taɓa yin ta ba. Taron tsintsiya ba shara kenan.

A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar leƙen asirin Amurka ta wancan zamani, OSS, ta shirya wani ɗan littafi na koyar da zagon ƙasa ga mutanen da ke aiki ƙarƙashin abokan gaba. Cikin dabarun da ta lissafa har da waɗannan: a tura kowace magana kwamiti, a cika kwamitin da mutane kada su gaza biyar, a riƙa jefo batutuwan da ba su shafi zaman ba, a yi ta jayayya kan kalmomin da za a rubuta, a tono abin da aka riga aka yanke a zaman baya. Abin da aka koya wa masu zagon ƙasa su yi da gangan, shi mafi yawan kwamitoci ke yi wa kansu da zuciya ɗaya. Matakan da ke ƙasa duk toshe waɗannan ƙofofi suke yi. Za mu tafi da misali guda: kwamitin unguwa mai mutum 7, sumon rijiyar burtsatsensu, wato injin da ke turo ruwa daga ƙasa, ya ƙone, ana neman mafita.

Abubuwan da za ka tanada

Littafin taro. Babban littafi mai kaurin bango wanda aka ɗinke takardunsa, yadda in an yage shafi za a gane. Tun ranar farko ka bi shafukan ka sa musu lamba da biro. Kada ka dogara da waya kaɗai. Waya tana lalacewa, ana sace ta, kuma ranar da rigimar kuɗi ta taso littafin da shugaba ya sa wa hannu ake yarda da shi.

Rajistar halarta, dabam da littafin taro. Ka ja mata layi huɗu: suna, lokacin isowa, sa hannu, da uzurin wanda ya aiko. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. Layin lokacin isowa kaɗai yana rage latti, don ba mai son ganin 5:20 a gaban sunansa alhali na sama da shi ya rubuta 4:25.

Ajanda a shafi ɗaya, kowa da kwafinsa. In ba kuɗin bugawa, a rubuta a allo ko a kwali da manyan baƙaƙe a kafe a bango.

Agogon da kowa ke gani. Na bango ya fi, in babu a ajiye waya a tsakiya.

Takardar da ta kafa kwamitin, wato tsarin mulkin ƙungiya ko wasiƙar naɗi. Abu uku kake nema a ciki: mutum nawa suka isa a zauna a yanke hukunci, nawa ne iyakar kuɗin da kwamiti zai kashe ba tare da ya koma ga babban taro ba, sai kuma wa ake kai wa rahoto. In babu wannan takarda, aikin zamanku na farko shi ne ku rubuta waɗannan uku a shafin farko na littafin taro, kowa ya sa hannu.

Littafin ma'aji da rasitai, sai gutsattsarin takardu da kwano ko hula saboda ƙuri'ar sirri.

Sannan mutum uku: shugaba mai ba da izinin magana, sakatare mai rubutu, da mai duba lokaci. Kada shugaba ya haɗa jagoranci da rubutu, ɗaya zai kuɓuce masa. In kun yi kaɗan, sakatare na iya haɗawa da duba lokaci.

Mataki na 1: Ka tabbatar ana bukatar taron

Kafin ka kira kowa, ka rubuta a layi ɗaya abin da za a yanke. In ka kasa rubutawa, ba taro kake bukata ba tukuna. Sanarwa saƙo ake turawa. Neman farashi mutum ɗaya ake aikawa kasuwa. Saɓani tsakanin mutum biyu a keɓe ake sasanta shi, don in ka kawo shi gaban mutum bakwai kowannensu zai tsaya kare mutuncinsa, sulhun ya ƙara nisa. Abin da ya cancanci zama shi ne wanda ke da hanya biyu ko uku, kuma sai mutanen sun yarda tare kafin a taɓa kuɗi ko a ɗauki nauyi.

Ka riƙa yin wannan lissafin: mutum 12 su zauna awa 2, an ƙona awa 24, wato yinin aiki uku na mutum guda mai yin awa takwas. Mai shago ya rufe shagonsa, mai Keke Napep ya ajiye kekensa. In abin da za a yanke bai kai wannan ba, a tura saƙo.

Mataki na 2: Ka rage mutane

Mutum 5 zuwa 7 su ne daidai ga kwamitin da ake son ya yi aiki, kuma mara ya fi, saboda kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. Dalilin lissafi ne. Duk mutum biyu a kwamiti akwai hanyar magana tsakaninsu, kuma kowace hanya wuri ne da saƙo zai iya karkacewa. Ka ninka yawan mutanen da yawansu ban da ɗaya, ka raba biyu. Mutum 5 hanya 10 ce. Mutum 7 hanya 21. Mutum 12 hanya 66. Mutum 20 kuwa 190. Shi ya sa da zarar kwamiti ya kumbura, sai ka ga wasu mutum uku ko huɗu suna haɗuwa a gefe suna gama magana, zaman kowa da kowa ya koma na jin abin da aka riga aka ƙulla.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sa mutum don kada ya ji haushi: kowane layi sai an ba shi wakili, kowane mai kuɗi sai an sa sunansa. In ba yadda za ka yi, ka raba gida biyu. Dattawa da masu hali su zama iyayen ƙungiya, a kai musu rahoto duk wata uku, a nemi albarkarsu da shawararsu. Masu zirga-zirga su zama kwamitin aiki. Wanda ake bukata a batu guda, kamar mai gyaran rijiya, a gayyace shi ya yi bayaninsa, a yi masa tambayoyi, a sallame shi kafin a fara muhawara.

Mataki na 3: Ka rubuta ajanda a matsayin tambaya

Nan ne rabin aikin yake. Ajandar da ta ce "Batun rijiya" ta buɗe ƙofar tarihi: wanda ya haƙa ta, ɗan siyasar da ya yi alkawari bai cika ba, yaran da ke wasa da famfo. Ajandar da ta ce "Mu gyara tsohon sumo ko mu sayi sabo, kuma daga wane asusu?" ba ta da amsa sai ɗaya cikin biyu. Kowane batu ka sa masa mintocinsa da sunan mai gabatar da shi. Ga yadda zaman minti 75 zai kasance:

4:30 Addu'ar buɗewa, minti 3
4:33 Amincewa da bayanan zaman baya, minti 5
4:38 Ayyukan da aka raba a zaman baya, an yi ko ba a yi ba, minti 12
4:50 Gyara ko sabon sumo, ma'aji zai gabatar, minti 30
5:20 Nawa kowane gida zai riƙa biya a wata, minti 15
5:35 Sakatare ya karanta abin da aka yanke, minti 7
5:42 Addu'ar rufewa, minti 3

Manyan batutuwa kada su wuce biyu, in an matsa uku. Mafi nauyi shi ake sawa a gaba, tun mutane na da kuzari.

Akwai dalilin da ya sa ake ƙayyade minti. Masanin tarihin nan ɗan Ingila, C. Northcote Parkinson, ya kawo misali a 1957 na kwamitin da ya amince da gina tashar nukiliya cikin 'yan mintoci, sannan ya daɗe yana gardama kan rumfar ajiye kekuna. Tashar ta fi ƙarfin saninsu sai kowa ya yi shiru, rumfa kuwa kowa ya san kwano da katako. Haka za ka ga an wuce maganar dubu ɗari huɗu ba wanda ya ce uffan, an kwashe rabin awa kan ko a sayo ruwan leda ko lemo ranar taro. Irin waɗannan ƙanana kada su shiga ajanda sam, a ba mutum ɗaya iznin yanke su da iyakar kuɗi.

Wurin "sauran batutuwa" da ake sawa a ƙarshe, shawarata a cire shi. Ta nan ake shigo da maganar da ba wanda ya shirya mata a lokacin da kowa ya gaji. Mai batu ya ba sakatare tun kafin a aika ajanda. In abin gaggawa ne, ya faɗa tun a buɗewa, a yarda ko a ɗage.

Mataki na 4: Ka aika da wuri, ka bi mutane

Kwana uku kafin zama ajanda ta isa hannun kowa, tare da duk takardar da za a duba: farashi uku daga masu sayarwa uku, da abin da ya rage a asusu. Wanda ba ya karatun boko a tura masa saƙon murya da bai wuce minti biyu ba, ko a rubuta masa da ajami. Ranar jajibiri a sake tunatarwa da layi ɗaya.

Sai abin da sababbin shugabanni ke rainawa. In ka san akwai dattijo ko mai faɗa a ji da batun zai sosa, ka taka ka same shi a gida. Ka ce masa, "Baba, ga abin da za mu tattauna ranar Asabar, na ce bari in fara jin naka." Mutumin da ya fara jin magana a bainar jama'a yakan ƙi ta don kawai ba a shawarce shi ba, kuma in ya ƙi a gaban mutane janyewa na yi masa wuya. Amma ka tsaya a sauraro. In ka je ƙulla yadda za a yi ƙuri'a, sauran za su gano, kuma daga ranar sun daina yarda da zaman.

Mataki na 5: Lokaci da wuri

Ka sa taro inda wani abu zai tilasta a tashi. Bayan la'asar ya fi bayan isha'i, don magariba ba ta jiran kowa, na dare kuwa ba shi da bango. Ka kauce wa ranar kasuwa, da safiyar damina in akwai manoma, da yammacin azumi. A rubuta lokacin farawa da na tashi duka a takardar gayyata.

Ajin makarantar firamare ya fi zauren wani mai kuɗi, saboda da wuya mutum ya musa wa mai gida a kan tabarmarsa. A zauna a da'ira kowa na ganin fuskar kowa.

Mataki na 6: Buɗewa

Da adadin da tsarin mulki ya faɗa ya cika, a fara, ko da manyan ba su iso ba. In shugaba ne ya makara mataimaki ya buɗe. Wanda ya shigo a makare ya sa hannu ya zauna, ba a tsayawa gaisuwa, ba a koma masa baya. Zama biyu aka yi haka latti zai ragu da kansa. Wasu ƙungiyoyi na cin tarar latti, kuma tana aiki in ƙarama ce kuma shugaba ma yana biya.

In an yi minti 20 adadi bai cika ba, kada a yanke komai, musamman na kuɗi. A ji rahoton ayyuka, a sa sabuwar rana, a tashi. Hukuncin da mutum uku suka yanke a madadin bakwai shi ne rigimar wata mai zuwa.

Bayanan zaman baya ba a karanta su kaf in an riga an tura. Shugaba ya tambaya ko akwai gyara, a gyara kuskuren suna ko adadi, ya sa hannu. Gyara ake nema, ba sabuwar muhawara ba.

In ka lura ba wanda ya duba takardun da aka aika, kada ka yi faɗa. Ka ba da minti biyar kowa ya karanta shiru a wurin. Kamfanin Amazon ya shahara da wannan, manyan ma'aikatansa kan fara zama da karanta takarda mai shafi shida ba mai magana. Naku shafi ɗaya ne. In akwai waɗanda ba sa karatu, sakatare ya karanta a bayyane sau ɗaya.

Mataki na 7: Tafiyar da muhawara

Mai gabatarwa ya yi minti 5: ga matsala, ga hanyoyi, ga kuɗin kowace. Sai tambayoyin neman haske kaɗai. Sai zagaye, kowa minti 2, ba mai magana sau biyu sai kowa ya yi sau ɗaya.

Tsarin zagayen yana da muhimmanci ƙwarai. Ka fara da ƙanana, ka ƙare da manya, shugaba ya zama na ƙarshe. A al'adarmu in Alhaji ko liman ya riga ya faɗi ra'ayinsa, saurayin da ya san aikin lantarki ba zai buɗe baki ya ce ba haka ba ne. Zai ce "abin da Baba ya faɗa shi ne", alhali ya san wayar da aka ja ce ta yi siriri, kuma sabon sumon ma ƙonewa zai yi. Ka ga kwamiti ya yi asarar ilimin da ya tara mutane dominsa. In ka ji tsoron dattawa za su ga raini, ka faɗa tun farko: "Za mu fara da yara, iyayenmu su ji duka sannan su ɗora mu a hanya." Ba dattijon da zai ƙi wannan. A kwamitin da ke da mata, kamar na iyaye da malamai, kada ka ce "ko mata na da magana?" don shiru za ka ji. Ka kira mutum ɗaya da girmamawa ka yi mata tambaya takamaimai: "Hajiya, ku da kuke aiken yara ɗiban ruwa, wane lokaci layi ya fi tsawo?"

Katse mai dogon bayani sai da dabara. Mai duba lokaci ya ɗaga hannu in saura daƙiƙa 30, don ya zama agogo ne ya tsayar da mutum. In ya zarce, shugaba ya jira ya ja numfashi, ya shiga da taƙaita masa: "Allah ya ƙara girma, Baba, in na fahimta kana ganin a gyara tsohon saboda kuɗi. Sakatare ya rubuta. Bari mu ji ma'aji." Yawancin masu maimaita magana suna yi ne don ba su tabbata an ji su ba. Da sun ga an rubuta sai su sauka.

Wanda ya kauce hanya a ce masa, "Malam, wannan magana ce babba, amma ba ita muke kai ba. Sakatare, sa ta a jerin jira." Jerin jira shafi ne a bayan littafi, daga cikinsa ake ɗauko ajandar gaba. Sai dai fa a riƙa ɗaukowa da gaske, in ba haka ba mutane za su gane maƙabarta ce.

In biyu suka kaure, ka hana su fuskantar juna, kowa ya yi magana da shugaba. Sannan ka raba gardamar: a kan gaskiyar abu suka saɓa, ko a kan abin da ya fi dacewa? In a kan ko tsohon sumon zai gyaru ne, surutu ba zai warware ba, a aiki mutum ya kai wa mai gyara. In a kan fifiko ne, ƙuri'a ce maganinsa.

Mataki na 8: Yanke shawara

Saura minti 5 lokacin batu ya cika, shugaba ya tsayar da magana ya faɗi shawarar a jimla ɗaya mai adadi: "A sayi sabon sumo daga mai farashi na biyu, kada ya wuce naira 400,000 har da kuɗin aiki." Sakatare ya rubuta ya karanta.

Kada ka ce "kowa ya yarda ko?" ka ɗauki shiru a matsayin amincewa. Shirun taro yakan zama kunya, ko gajiya, ko "bari su yi mu gani". Masu wannan shirun su ne za su tsaya a bakin masallaci gobe suna cewa su dai ba da su aka yi ba. Ka juya tambayar: "Wa ke ganin matsala a wannan?" Ka dakata ka ƙirga goma a zuci. Sannan a ɗaga hannu, a ƙirga, a rubuta adadi.

In batun ya shafi mutum, kamar zaɓen wanda za a ba aiki ko sauke wani daga muƙami, a yi ƙuri'ar takarda a jefa a hula, mutum biyu su ƙirga a gaban kowa. Wanda ke da alaƙa da batun, misali ƙaninsa ne ɗaya daga cikin masu kawo farashi, ya faɗa da bakinsa ya fita har a gama.

In an kasa yankewa, ba laifi a ɗage, amma da sharaɗi: a rubuta abin da ya hana, wanda zai nemo shi, da ranar da za a dawo. Kuma abin da aka yanke ba a sake buɗe shi sai in sabon bayani ya zo wanda ba a sani ba a lokacin. Wanda bai halarta ba, rashin zuwansa ba sabon bayani ba ne.

Mataki na 9: Ka ɗora kowane aiki a kan mutum ɗaya

"Za mu duba", "a tuntuɓi mai gyara", "matasa su kula": duk waɗannan ba mai yin su. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya auna masu jan igiya, ya wallafa sakamakon a 1913, inda ya nuna ƙarfin da kowane mutum ke sawa yana raguwa in masu ja suka ƙaru. Aikin kwamiti ma haka yake, kowa na zaton wani ya riƙe.

Kowane aiki sai ya amsa tambaya huɗu: wa, me, yaushe, da nawa. Suna ɗaya ake rubutawa ko da mutum uku za su tafi tare. Wa'adi ya zama rana, ba "cikin makon nan" ba. Kada a ɗora aiki a kan wanda bai halarci zaman ba.

Sannan wanda aka ba aikin ya maimaita da bakinsa. Matuƙan jirgin sama haka suke yi, in hasumiya ta ba su umarni sai sun karanta mata shi ta tabbatar sun ji daidai. Za ka yi mamakin sau nawa mutum zai ce "wato in je in tambayo farashi", alhali abin da aka yanke ya je ya sayo ne. Gara a kama wannan a ɗaki da a gano shi bayan mako biyu.

Mataki na 10: Rubuta bayanan taro

Sakatare ba ya rubuta wane ya ce, wane ya mayar. Wannan yana cin shafi, yana kuma ajiye gaba a rubuce. Abin da aka yanke ake rubutawa. Misali:

Batu na 4, gyaran rijiya. An duba farashi uku. An amince a sayi sabon sumo daga mai farashi na biyu, kada ya wuce naira 400,000 har da kuɗin aiki, daga asusun ƙungiya. Ƙuri'a: 5 sun yarda, 1 bai yarda ba, 1 ya ƙaurace. Mai aiki: mataimakin shugaba. Ma'aji zai miƙa masa kuɗi ranar Litinin. Wa'adi: Asabar 14 ga wata. Shaida: rasit, da ruwa na fita a famfo.

Kuɗi a rubuta shi da lamba, babba kuma a ƙara da kalmomi. Wanda ya nemi a rubuta cewa bai yarda ba, a rubuta masa, haƙƙinsa ne. Kafin addu'ar rufewa sakatare ya karanta duk shawarwari da sunaye da ranaku a bayyane, a kuma sa ranar zama na gaba a wurin. Cikin awa 24 ya ɗauki hoton shafin ya tura wa kowa, tun ba a fara "ni ba haka na ji ba".

Mataki na 11: Tsakanin zama da zama

In wa'adi ya kai rabi, sakatare ya kira mai aikin, ba a rukuni ba, shi kaɗai: "Yaya ake ciki, akwai abin da ya tsaya?" Sau da yawa za ka tarar ma'aji ne bai fitar da kuɗi ba, ko mai sa hannu na biyu ya yi tafiya.

A zama na gaba, a sashen ayyuka, amsa biyu ce: an yi, ko ba a yi ba ga sabuwar rana. Wanda ya saɓa sau biyu a karɓi aikin a ba wani, ba tare da tozarci ba.

Rukunin WhatsApp yana taimako, yana kuma kashe kwamiti. Saƙon taro kan nutse a ƙarƙashin barka da Juma'a da bidiyon siyasa. Ku buɗe biyu: na sanarwa wanda shugaba da sakatare kaɗai ke iya turawa, da na hira. Ƙuri'ar da ke cikin WhatsApp ta isa a zaɓi ranar zama, amma tana nuna wanda ya zaɓi me, don haka ba ta dace da abin sirri ba. Maganar kuɗi kuwa ko an amince a waya sai an shigar da ita littafi a zama na gaba. Saƙon baki ta hannun ɗan aike shi ne mafi rauni, in ya bi ta mutum uku da wuya adadi da rana su isa yadda suka fita. In dole ne, a haɗa shi da 'yar takarda.

Mataki na 12: Ƙaramin kwamiti da rushe kwamiti

"A kafa kwamiti ya duba" ita ce hanyar da aka fi bi a binne magana cikin mutunci. In da gaske ana bukatarsa, mutum 3 sun isa, a naɗa jagora a wurin, a rubuta tambayar da zai amsa, a ba shi rana. Ya dawo da shawara guda da dalilinta a shafi ɗaya. In ya dawo, babban kwamiti ya karɓa, ko ya ƙi, ko ya gyara adadi, amma kada ya sake aikin daga farko.

Kwamitin da aka kafa don aiki guda, ranar da ruwa ya fito aikinsa ya ƙare. A yi zama na ƙarshe na minti 30: ma'aji ya kawo abin da ya shigo, abin da ya fita da ragowa, mutum biyu da ba su taɓa kuɗin ba su duba rasitai su sa hannu, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a ko a babban taro. Littafin taro, rajista da littafin ma'aji a miƙa su ga uwar ƙungiya a rubuce, mai bayarwa da mai karɓa duk su sa hannu. In akwai asusun banki, a rubuta wa banki takardar canza masu sa hannu a makon, tare da kwafin shafin da aka yanke hakan, don yawanci sai sun ga wannan shafin suke canzawa.